Shekarar da Babanku Ya Nemi a Kama Shi

Abba, jiya da la'asar ina kwance a ɗaki na ji abin da ka faɗa wa masu kwasar kaya. Ko dai ka ɗauka barci nake yi, ko kuwa ka ɗauka don ka faɗa da Larabci ba zan gane ba, ni da na tsufa ina ciniki da Larabawa a bakin titi. Ka ce musu su bar sandar nan da ke rataye a bayan ƙofa, wai ba ta da wuri a sabon gidan da za mu koma a unguwar Shisha, wai itacen mutumin da ya gudu ya bar mu ne, in an zo rushe unguwar a haɗa da ita. Ban fito ba, domin da na fito da na kunyata ka a gaban baƙi, kai da furfurarka. Amma maganar ta tsaya min a rai, saboda haka da gari ya waye na sa aka kira min Rabi, 'yar makwabtanmu da ta yi boko can ƙasarmu, na ce ta zauna ta rubuta duk abin da zan faɗa, kada kuma ta gyara min magana. Na ba ku labarin nan ba sau ɗaya ba, kai da ƙanwarka Zainabu, sai ku ce to Umma, ku koma ku ɗauki na matan unguwa. Yanzu sai ya zauna a takarda, wanda bai iya Hausa ba cikin jikokina a nemo mai fassara masa.

Babanku mutumin ruwa ne. A Daban Gawo aka haife shi, wani ɗan ƙauyen masunta a bakin tafkin Chadi, can inda ƙasa ta ƙare, ba mota ba kasuwa, sai sauro da hayaƙin banda. Ni kuwa 'yar tudu ce daga ƙasar Kano, ban san wani ruwa ba bayan na rijiya da na kududdufi. Da aka kai ni garinsu na ga yadda suke fama. A kama kifi kamar ba zai ƙare ba, a ƙyafe shi, a ɗora wa jakuna, kafin a ratsa yashi da laka a kai kasuwa rabi ya marmashe, rabi ƙwari sun cinye. Ban daɗe a can ba Iya, mahaifiyarsa, ta tayar da zancen Makka. Ta ce ita ta tsufa, ba ta son a binne ta a inda kabari ke cika da ruwa, a kai ta ta mutu kusa da Ɗakin Allah. Cikin 'ya'yanta shi kaɗai ne bai iya ce mata a'a ba, saboda haka muka ɗauki ƙafa muka nufi gabas. Shekaru muka yi a hanya, mu tsaya mu yi ƙodago, mu tsinci auduga a Sudan, mu ƙara gaba. A hanyar nan na binne 'yata ta fari, yayarku da ba ku sani ba, a gindin wata ƙaya da ko yau aka kai ni ba zan gane ta ba. Ranar da na sa ƙafa a Makka na ce ni da doguwar tafiya sai wadda za a yi da ni a makara, kuma babanku ya ji da kunnensa.

Muka yi aikin hajji muka zauna kamar sauran 'yan'uwa, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai. Muka kafa sandaka, wato ɗakin gwangwani da katako, a kan dutsen bayan unguwar Kudai, a filin Amm Bakur. Shi a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina, yana da kanti da takardunsa na ɗan ƙasa. Hausarsa rabi Larabci ce, amma mutumin kirki ne. Ni ina soya gyaɗa, ina sayar da hatsin tattabaru a hanyar Harami. Babanku ya zama sagga, ɗan ga-ruwa ke nan: sanda a kafaɗa, garwa biyu a rataye da igiya, ya ɗebo a bazan inda kowa ke layin ruwa, ya hau benayen mutane yana zuba musu a randuna. Aikin yana ciyar da mu, amma bai taɓa shiga ransa ba. Kullum in ya dawo sai ya jingine sandar ya ce wai shi da ya tashi a ruwan da ba a ganin ƙarshensa, yau shi ne ke auna ruwa da gwangwani. Ga shi a shekarun nan, bayan an ba ƙasarmu mulkin kai, an fara ja wa manyan gidaje famfo, motocin wayit kuma suna kai ruwa a tanki, gidajen da yake zuba wa suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ban taɓa musa masa ba, gaskiyarsa ce.

Sai Allah ya jefo mana wani alhaji, dillalin banda daga Barno, wanda ya zo ta jirgin sama ya sauka kusa da mu. Mutum ne mai baki, in ya fara zance sai shayi ya huce a hannunka. Babanku ya kai masa ruwa, suka gaisa, aka yi tambayar gida, sai ga shi ya jawo min mutumin har ƙofar ɗaki wai in ji da kunnena.

"Ai yanzu Chadi ta matso kusa," in ji alhajin. "Gwamnatin lardi ta zuba burji tun daga kasuwa har bakin ruwa. 'Yar gajeriyar hanya ce, amma ta tayar da mutane tsaye. Ka loda banda da hantsi, kafin azahar tana kasuwa."

Babanku ya tambaye shi ko ta kai Daban Gawo. Alhajin ya kaɗa hannu ya ce ai duk wajen nan ne, duk ta game su. Ni da ke tsugune gaban kasko na gane mutumin nan bai ma san inda Daban Gawo take ba, amma babanku bakinsa har kunne. Alhajin ya gama hajjinsa, ya hau jirginsa, ya tafi ya bar ni da jidali.

Daga ranar gidanmu bai sake jin wani zance ba. A ci tuwo, hanya. A sha koko, hanya. Ya share ƙasa a ƙofar ɗaki ya zana ta da yatsa, ga kasuwa, ga kwanar da bai taɓa gani ba, ga inda mota za ta juya a gaban gidan ubansa, wanda ya taka zanen kuwa ya shiga uku. Mutumin da bai taɓa ɗora ido a kan hanyar ba, har gardama yake yi da mutane a kan faɗinta. Na ce masa ni na ga abin da hanya ke yi wa mutane, ba labari aka ba ni ba. Ya ce wannan ba irin waccan ba ce, wannan ta mota ce. Na ce to motar taka ce? Ya ce ni ba a magana da ni. Ya samo tsofaffin zarurruka ya fara saƙa komar kamun kifi, a Makka fa, garin da ko kwaɗo ba ka ji, ya rataye ta daga wannan bango zuwa wancan, ba ta taɓa kama komai ba sai kazar makwabta da ƙafar uwarsa. Iya kuwa, wadda ta jawo mu duka don ta zo ta mutu, tana nan garau, tana cin tuwonta tana neman ƙari, likkafanin da ta wanke da zamzam yana ƙarƙashin matashinta. Da ya kai mata zancen komawa ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ni na iso," ta ce. "Wanda bai iso ba ya ci gaba da tafiya."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne igiya. Igiyar garewaninsa ta tsufa ta ruɓe, bini-bini sai ta tsinke, garwa ta faɗi, ruwa ya malale a matakalar mutane, ya dawo min da jiƙaƙƙen wando da zagin masu gida. Na ce ya sayi sabuwa, igiya ce fa, ba raƙumi ba. Ya ce me zai yi da sabuwar igiya, shi da ke kan hanya? Sai ya ƙulla, ta sake tsinkewa ya sake ƙullawa, har ta zama ƙulli a kan ƙulli. Duk ranar da na kalli igiyar nan na san mutumin nan gangar jikinsa ce kawai a gidan.

Halin hawa jirgi ba mu da shi, komawa a ƙafa kuwa ko shi bai ƙara marmarinta ba. Sai ya ɓullo da dabara. Kun san bayan kowane hajji, da kuma jefi-jefi a cikin shekara, askarawa kan zagaya su kwashi waɗanda ba su da iƙama, a tara su a kai Jidda, a mayar da su ƙasarsu kyauta. Tarhil ke nan, abin da kowa ke gudu. To babanku ya ce shi ga jirginsa nan. Zai bari a kama shi, ya je ya ga hanya, ya gyara gidan ubansa, ya shiga ruwa, in komai ya zauna ya aiko mu ma mu miƙa kanmu. Na ce masa wanda aka yi wa tarhil ana ɗaukar hoton yatsunsa, ba ya dawowa, in ya je ya tarar ba haka ba fa? Ga tsohuwa, ga ka Abba ko wando ba ka iya ɗaurawa ba, ga ni da cikin Zainabu. Ya ce ni dai ba na son ci gaba. Na yi kuka, na yi faɗa, na yi kwana da kwanaki ban yi masa magana ba, na kai ƙara wurin Amm Bakur, duk a banza.

Sai dai Allah ya nuna masa kamun ma ba a hannunsa yake ba. Da farko ya riƙa bi ta gaban ofishin askarawan unguwa yana jan ƙafa, yana rangaɗa sallama da gaisuwar Hausa don su san baƙo ne. To wane ne bai san shi ba a cikinsu? Shi ke cika musu randa. Suka riƙa kiransa ya zo ya sha shayi, wani ma ya ba shi tsohuwar riga. Ya dawo gida yana huci, ni kuwa na ce Allah ya ƙara musu imani.

Da ya ga haka sai ya ciro 'yar shararsa ta gida da hularsa daga ƙasan akwati, ya tafi unguwar Zahir inda ba a san fuskarsa ba, ya yi ta zaman bakin kasuwa yana jiran motar kamu. Ran nan kuwa ta zo. Masu talla suka watse, wani ya bar takalmi, wata ta bar faranti, babanku ya miƙe tsaye a tsakiyar titi ya harɗe hannu yana jira. Askarawa suka zo a guje, suka ga mutum tsaye ko gezau, suka ce wannan da ba shi da takarda ai da tuni ya arce. Ɗaya ya ture shi ya ce ya ba su wuri, suka bi masu gudu. Ya dawo a ƙafa, rana ta gasa shi, ranar kuma ko garwa ɗaya bai zuba wa kowa ba, ɗumame muka ci.

Ya ce to yanzu ya gane, gudu ake yi. Karo na gaba da aka shigo ta unguwarmu ya zura a guje, yana yi yana waiwaye don kada su ɓace masa. Bai kai ƙarshen lungu ba Hajiya Ta-Sakkwato, wata ƙatuwar mata mai sayar da itace, ta miƙo hannu ta fizge shi cikin gidanta, ta cusa shi bayan tulin itace ta rufe shi da buhu, ta dawo bakin ƙofa ta zauna tana tsinkar lalo kamar ba ta ga kowa ba. Haka muke yi wa juna a lokacin, ba a tsayawa tambaya. Yana ta roƙonta ta sake shi, tana ce masa ya yi shiru don Allah, ya tuna yana da iyali. Da yamma ta rako shi har gida tana jiran godiya, ni kuwa na yi mata ita, har da gyaɗa cike da kwano. Zance ya game unguwa, in ya wuce da garewaninsa sai ka ji ana cewa Malam, yau ma ba a dace ba? Kunya ta hana ni zuwa gidan suna da gidan biki. Ku riƙe wannan, domin daga nan labarin matan unguwa ya samo tushe. Shekara guda kowa na kallonsa yana neman hanyar tafiya.

Aka haifi Zainabu, hajji ya sake zagayowa. Cikin alhazan shekarar akwai Isiyaku, ɗan baffan babanku, mutumin Daban Gawo, wanda ya yi ta cigiya har ya same mu, ya zauna da mu bayan an sauko daga Mina. Na ce shi ke nan, yanzu kam sai abin da ya ƙaru. Suka fita su biyu suka zauna a kan dutse suka daɗe, sai can suka dawo gida. Kwanaki suka wuce ba zancen hanya, ba zane a ƙofar ɗaki, yana fita bazan tun da sassafe yana dawowa a gajiye. Ni da na san halinsa na ce wata sabuwar dabarar yake ƙullawa, na ƙara sha masa toka. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa min ba.

Ranar da abin ya faru Zainabu ta tashi da zazzaɓi, sai na bar ta wurin Iya na ce bari in je in sayar da abin da ya samu in dawo kafin azahar. Alhazai ba su gama watsewa ba, ciniki na tafiya, ina durƙushe ina auna wa wata Baturkiya hatsi, ban ji tsayuwar motar kamu ba. Ni da na san kowane lungu da kowace ƙofar da ake shigewa, sai ji na yi an riƙe min mayafi. Na roƙe su da Larabci, na roƙe su da Hausa, na ce ina da jaririya a gida. Suka ce kowa haka yake cewa. Aka zuba mu a mota aka kai mu wani fili mai katanga, mata gefe guda maza gefe guda, aka ƙirga mu, aka ce da la'asar za a wuce da mu Jidda. Na zauna a rana, nono ya cika ya jiƙa min riga, ina tuna yarinyar da ko ruwa ba ta karɓa a hannun kowa. Na riga na bar ɗaya a gindin ƙaya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba, kuma a cikin tsoron ma haushi nake ji, wai a ce mai neman a kama shi yana can yana yawo da garwa, ni ce a nan.

Bayan azahar aka kira sunana. Na fito na tarar da Amm Bakur a bakin ƙofa yana ta magana da babban askar ɗin, gumi na zubo masa. Babanku na tsaye a bayansa da sandarsa a kafaɗa, a bazan labari ya same shi, ya sauke garewanin a can ya taho. Amm Bakur ya ce shi zai tsaya min, ya san ni, mai shayarwa ce, a dube ni don Allah. Babban ya ce shi ba mugu ba ne, amma an riga an sanar da Jidda yawan mutanen da ke zuwa, in ya sauke ɗaya sai ya cike gurbinsa. Sai babanku ya matso ya ce, da Larabcinsa na 'yan ga-ruwa, shi ma ba shi da iƙama, shi ya kawo ni ƙasar nan, a ɗauke shi a madadina. Babban ya dube shi, ya dubi rigata, ya ce halas, wato shi ke nan.

Ku ji abin da idona ya nuna min a lokacin: mutumin da ya shekara yana neman mota, ga mota ta samu. Raina ya ɓaci har ba na gani sosai. Muka haɗu a bakin ƙofar, ni ina fita shi yana shiga, ya miƙo min sandar.

"To Malam, buri ya cika," na ce masa. "Sai ka gaida hanya."

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda yake yi in garwa ta faɗi a gaban mutane.

"Yi sauri ki ba yarinyar nan nono," ya ce. "Ki ce wa Iya ta yafe min."

Iyakar sallamarmu ke nan. Ban waiwaya ba. Na taho da sandar a hannu ina niyyar wurga ta a kwata, sai na ce ko ba komai ta yi min tokarin ƙofa. Na isa gida na yar da ita, na ɗauki Zainabu, ta kama nono tana ajiyar zuciya. Na isar wa Iya saƙon ɗanta, ta juya ta fuskanci bango. Isiyaku ya tambaye ni ina ɗan'uwansa, na ce ya tafi Daban Gawo a mota, sai ya bi shi ya taya shi murna. Sai na ga mutumin nan ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Wace Daban Gawo?" ya ce. "Ai babu ita. Na faɗa masa tun ranar da muka hau dutse."

Ya ce a shekarun nan tafkin ya yi cikar da shi bai taɓa ganin irinta ba, ruwa ya shanye ƙauyen, gawon ma sai kansa ake hangowa. Mutane sun watse, wasu sun shiga tsibirai, wasu sun haye Nijar, 'yan'uwan babanku ko shi bai san inda suka nufa ba. Hanyar kuwa gaskiya ne an yi ta, amma a wani gari ta tsaya, nesa da su, kuma masu motoci da manyan dillalai sun riga sun kama bakin ruwan, wanda ya zo hannu biyu sai dai ya yi musu dako. Ya ce da babanku ya gama ji sai ya ce to an rufe wannan zance, a Makka zai ƙarasa tare da iyalinsa. Ya roƙe shi kada ya gaya min tukuna, wai zan yi masa dariya, a bar shi ya samo bakin da zai faɗa min da kansa. Daga kan dutsen nan kasuwa suka wuce.

"Me kuka je yi kasuwa?" na ce.

Sandar ya nuna min, tana kwance inda na yar da ita. Sai a lokacin na dube ta. Babu ƙulli ko ɗaya. Igiya ce sabuwa fil, an ɗaure ta tam a kowane gefe, irin ɗaurin masunta da ake yi don ya daɗe.

Kwana da kwanaki igiyar nan tana shiga tana fita ta gabana, shi kuma ya kasa buɗe baki ya ce min Kulu, na fasa. Har yau in na tuna haushinsa nake ji. Wane irin girman kai ne wannan, mutum ya gwammace ya shiga motar tarhil da baƙar maganata a kunnensa da a ce matarsa ta yi masa dariya? Da na yi dariyar, ƙwarai kuwa, da na yi ta har da tafi, sannan in tashi in dafa masa abin da yake so. Na miƙa wa Iya yarinyar na fita a guje ba takalmi. Amm Bakur ya tare ni a gindin dutse ya ce in na sake kusantar filin nan za a haɗa da ni, kuma motar ma ta riga ta tashi.

Bai dawo ba, ba don bai nema ba. Hanyar ƙasa da muka biyo an tsaurara ta, sai da fasfo da mai tsaya maka, ga yatsunsa a hannun hukuma. Ya zauna a garin da burjin ya tsaya yana loda wa motoci banda, a ƙarshen hanyar da ya shekara yana zana min a ƙofar ɗaki. Na aika masa ta bakin alhazai cewa na ga igiyar. Da shekara ta zagayo aka kawo min amsa, wai ya ce to, sai in yi dariyar yanzu. Na sake aikawa cewa zan miƙa kaina in taho da ku, ya aiko cewa kada in kuskura, babu abin da za ku zo ku tarar, in riƙe Iya, in sa ku makaranta. Kowace shekara sai wani alhaji ya zo yana cigiyar gidan matar sagga, ya miƙo min ƙullin banda a cikin 'yar tabarma, ya ce ana gaishe mu. Miyar da kuke santi a kanta bayan kowace babbar salla, kuna tsammani daga ina kifinta yake zuwa? Iya ta daɗe bayansa, sai da kai Abba ka fara gemu sannan ta samu abin da ta zo nema, aka sa ta a likkafaninta. Ba a jima ba bayanta wani alhaji ya yi sallama, na fito na dubi hannunsa na ga ba komai. Ban bari ya buɗe baki ba, na ce Allah ya jiƙansa.

Matan unguwa ba su ga igiya ba. Sun dai ga mutum yana gudu yana waiwaye, saboda haka suka ce ya samu abin da yake so ya bar mace da yara. Su biyun da suka san gaskiya, Isiyaku ya koma gida, Amm Bakur ya rasu kuna ƙanana. Ku kuma kuka tashi da abin da kuka tsinta a lungu, in na faɗa muku nawa sai ku ɗauka rufa masa asiri nake yi irin na mata. Ni da rufa masa asiri? Ai ga shi na tone shi tas, har da buhun Hajiya Ta-Sakkwato. Mutum ne mai taurin kai, ya wahalar da ni shekara guda a kan hanyar da bai taɓa gani ba, kuma in Allah ya haɗa mu sai na faɗa masa. Amma bai gudu ba. Zainabu, nonon da kika sha da la'asar ɗin nan, da babanki aka biya shi.

Saboda haka, Abba, gobe in masu kwasar kaya sun dawo, kai da hannunka za ka ciro sandar nan, kada ka kwance igiyar, ka sa ta a mota kusa da ni. In kuma gidan Shisha ya yi mata kaɗan, to ni ma ya yi min, ku tafi ku bar mu a nan mu biyu.